Sun ce duniya ta amince da diplom ɗinsu: wace duniyar?

Baban Hadiza: Salamu alaikum mutanen gida. Shawara nake nema. Ɗiyata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, alhamdu lillahi, kuma ita dai aikin wutar sola take so ta karanta. Wata makaranta mai zaman kanta, ba zan kama sunanta ba, ta ba mu takardar talla mai sheƙi: lisans, wato digirin farko, na shekara 3, rabi a aji rabi a wurin aiki, abin da suke kira alternans. A ƙasan takardar tambari huɗu ne a jere, ɗaya da zanen duniya an kewaye shi da ganye. Na tambayi yaron da ke karɓar dosiye, wace hukuma ce mai wannan tambarin? Ya ce, "Alhaji, ta waje ce." Na ce wajen ina? Ya yi murmushi ya miƙo mini ruwan sanyi. Kuɗin shekara ɗaya kuwa sai na taɓa waken da na ajiye. To masana, tambarin nan wani abu ne ko kwalliya ce?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Barka da arziƙin Hadiza. Alhaji, in dai akwai tambarin CAMES a ciki, wato hukumar ƙasashen Afirka mai tantance karatun jami'a, ka biya ka yi barcinka.

Tsohon Mushe: A'a ɗana, kada ka kwantar da Alhaji tun da sauran rana. CAMES gaskiya ce, ba wasa ba. Nan Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke kafa ta a 1968, mazauninta Wagadugu, ƙasashe 19 ke ciki. A 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar da ta ce diplom ɗin da ta amince da shi ya ci a duk ƙasashen ƙungiyar. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: ba makaranta dungurungum take yi wa wannan amincewar ba, diplom ɗaya-ɗaya take bi. Makaranta na iya samun amincewa kan lisans na lissafin kuɗi, sai ta buga tambarin a saman ƙofa, mai karatun lantarki ya ɗauka har da shi. Kuma abin na da wa'adi, shekara 5 ne a sake dubawa. Kafin ma a kai ga CAMES, akwai izinin gwamnatinmu na buɗe makarantar da na koyar da wannan fannin. Wanda bai da na gida, na waje ba ya yi masa komai.

Alhaji, duba takardar da kyau, me aka rubuta kusa da tambarin?

Baban Hadiza: Malam, CAMES na nan. Akwai wasu ƴan kalmomi ƙanana a ƙarƙashi, sai da Hadiza ta matso da fitila. Ta ce ma'anarsu "ana cikin nema".

Ƴar Tibiri: Ikon Allah! Baba, ai nema ba aure ba ne. Sau nawa aka kai kayan gaisuwa aka fasa?

Amma ni ba tambarin ne ya fi damuna ba. Rabin nan da aka ce a wurin aiki, shi za a bincika. Ni na yi irinsa. An tura ni sitaj, wato koyon aiki, na wata 3 a wani kamfani. Ranar farko aka nuna mini injin fotokofi da butar shayi. Wallahi har na gama ban taɓa aikin da na karanta ba, sai dai na gane wa ke shan shayi da sukari da yawa, wa ke son na'ana'a. Ranar ƙarshe shugaban wurin ya ce in rubuta wa kaina abin da nake so, shi zai buga hatimi. Na rubuta "ta ƙware sosai", ya buga ko dubawa bai yi ba. Rapor ɗina kuwa na wata da ta riga ni na ɗauko na canza suna da shekara. Na ci 16 bisa 20. Ba alfahari nake ba, har yau abin na cina, don da na shiga aiki na gaske sai da na koma koyo daga farko, ƙannena na gaba da ni.

Ɗan Zariya: Ƙanwata kin tona asirin rabin mutanen da ke nan 😂

Na Jamus: Ina gaida iyayena. Abin da Yaya ta faɗa shi ne ainihin maganar, kuma shi ya sa a nan ba a yarda a kira kowane karatu mai sitaj da sunan karatun haɗin gwiwa da kamfani. Tsarin ya faro ne a Shututgart a 1974, kamfanoni irin su Bosch da Daimler-Benz suka nema, don suna son matasa masu ilimin jami'a waɗanda kuma hannunsu ya san aiki. A 2009 makarantun suka haɗe suka zama jami'a guda, DHBW. Ba jami'a kake fara nema ba, kamfani kake nema. Shi zai ɗauke ka, ku sa hannu a kwantaragi, yana biyan ka albashi kowane wata har lokacin da kake aji. Wata 3 a aji, wata 3 a kamfani, haka har shekara 3.

In za a tantance irin wannan karatu, tawaga ake turowa: malaman wata jami'a dabam, da mutum guda daga cikin masu sana'ar, da ɗalibi guda shi ma daga wata makarantar. Hukumomi irin su ASIIN ko FIBAA ke haɗa tawagar, majalisar tantancewa ta ƙasa ta yanke hukunci, amincewar ta yi shekara 8. Abin da suke tonawa a karatun haɗin gwiwa shi ne ko aji da wurin aiki a saƙe suke ta fuska uku: abin da ake koyarwa, da tsarin lokaci, da yarjejeniya a rubuce. Wato in ka karanta lissafin batir a zangon nan, zangon kamfani mai biye ya zama akwai aikin da zai sa ka yi amfani da shi, kuma jami'a ta ba shi maki. Suna keɓe ɗalibai a ɗaki, babu malami ko ɗaya, su yi ta tambaya. A nan ne maganar butar shayi ke fitowa.

Ɗan Zariya: To Bature, mun ji. Ku kuna da Bosch. Mu a Maraɗi ina kamfanonin? Kasuwa ce da mu, da garaji, da shagon walda, da ƴan tireda. Yawancinsu ko rajista ba su da ita. In aka ɗauko ma'aunin Jamus aka aza mana, babu makarantar da za ta tsira. Kuma tsakani da Allah, mu da muke cewa mun tsaya da ƙafarmu, me ya sa sai wani daga waje ya zo ya ce karatunmu ya yi?

Tsohon Mushe: Ɗana, CAMES ba ta Turawa ba ce. Babban sakatarenta na farko Joseph Ki-Zerbo ne, masanin tarihi na Burkina, kuma malaman jami'o'inmu ne ke zuwa su duba juna. Ka je babbar kasuwa ka gani: in kowane mai hatsi ya ƙera tiyarsa yadda ya ga dama, mutumin Dakwaro ba zai sayi gero hannun na Madarunfa ba sai da rigima. Wanda ya zo duba tiyarka ba raina geronka ya yi ba.

Bari in yi muku ɗan lissafi, don ku ga girman abin da ake magana. Tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) da ƙasashen UEMOA, wato na yammacin Afirka masu kuɗin sefa, suka ɗauka a 2007, lisans kiredi 180 ne, zango 6, kowane zango 30. Kiredi guda a yankinmu awa 20 zuwa 25 ne na aikin ɗalibi. In da gaske rabin karatun Hadiza a wurin aiki yake, kiredi 90 ke nan, aƙalla awa 1800. To wa ke ganin waɗannan awoyin? Wa ke ba su maki, bisa wane ma'auni? In amsar ita ce hatimin mutumin da bai karanta ba, rabin diplom ɗin iska ne, ko tambari goma aka jera.

Maigida Sola: Assalamu alaikum. Ni ba ni da boko mai yawa, yarona ne ke rubuta mini, ku yi haƙuri. Shekara goma sha ina aikin ga. Yara tara ke hannuna yanzu. Kowace shekara ƴan makaranta na zuwa da takarda, a ce in karɓe su. Ina karɓa. Waɗansu wallahi sun san lissafin da ni ban sani ba, sai su gaya maka girman wayar da za a sa tun ba a je wurin ba. Amma ka ba shi filaya ka ce ya haɗa batir huɗu, hannu na rawa. Akwai wanda munka tahi da shi aikin famfon wani ƙauye bayan Gidan Rumji, ya juya jan waya da baƙa, kwantarola ta yi ƙauri nan take. Ban yi mishi faɗa ba, na ce ya shinshina da kyau, wannan warin shi ne darasin yau. Yanzu yaron nan shagonshi gare shi.

Abin da ke ba ni haushi, duk shekarun ga sau ɗaya tak wani malami ya tako ya ga mi ɗalibinshi ke yi. Ya zo kan babur da rana tsaka, ya hau rufin kwano tare da mu, ya tambayi yaron don mi anka karkata fanon sola kudu. Sauran kuwa takarda kawai suke aiko mini da Faransanci, in sa hannu. To ni mi nike sa ma hannu? Kuma in masu tambarin ga sunka zo, za su ce ni ban isa in koyar ba tunda ba ni da diplom?

Na Jamus: Baba, ba haka ba ne ko a Turai. A Faransa, in babu wata yarjejeniya ta musamman a sana'ar, maigidan da zai riƙe ɗan koyo ko dai ya kasance da takardar fannin da shekara 1 a bakin aiki, ko kuwa shekara 2 yana sana'ar ko da ba takarda. Kai ka ninka haka sau nawa. Sai dai akwai iyaka, ƴan koyo 2 ga maigida guda, don a samu damar kula da su. Abin da za a nema gare ka shi ne a zauna da kai tun farko a rubuta ayyukan da yaro zai iya kafin ya bar shagonka, cikin harshen da kake ji, kuma malami ya riƙa zuwa.

Maigida Sola: Biyu? To sauran bakwai in kai su ina? Su Faransa ba su da ɗiyan ƴan uwa ne?

Ɗan Zariya: Kun ji ko! Abin da nake faɗa ke nan.

Ƴar Tibiri: A'a Yaya, ba abin da kake faɗa ba ne. Kai cewa ka yi a bar ma'auni. Baba kuwa kuka yake ba a zuwa dubawa. Biyu ko huɗu, wannan mu ne za mu daidaita da halinmu. Amma a ce malami ya taka ya je, wannan ba sai da Bosch ba, litar mai biyu ce.

Bakatsine: Gaisuwa daga Katsina. Ku bar ni in sa baki, don mu ma abin ya shafe mu, yaranmu da yawa na ƙetaro Jibiya da Ɗan Isa su zo karatu wajenku. Na farko, Najeriya ba ta cikin CAMES. Wanda ya gama a Maraɗi, in yana son yin bautar ƙasa ko aikin gwamnati a nan, sai ya kai takardunsa ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance. Kuma tun abin da ya faru aka ƙara ƙulle ƙofa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo baki ɗaya. Masu gaskiya da suka sha wahalar shekara huɗu su ma abin ya rutsa da su. Ɓera guda ya ja wa rumbu wuta.

Na biyu, mu ma muna da namu rabin-aikin, SIWES, tun 1973. Ana ba ka littafi ka riƙa rubuta aikin kowace rana, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Tsari mai kyau a takarda. Ni dai na san dare biyu na yi na cike na wata shida, da biro kala uku don kada a gane. Saboda haka, Alhaji, ko sun nuna maka littafin bibiya kada ka tsaya nan. Ka nemi ganin na ɗaliban bara, ka duba ko akwai rubutun malami a ciki da kwanan wata dabam-dabam.

Injiniya: Na makara, ina wurin aiki. Baba, maganar tambari mai zanen duniya. Akwai abubuwa uku da makarantu ke cakuɗawa da gangan. Zama mamba a ƙungiya, kamar AUF ta jami'o'i masu amfani da Faransanci ko ƙungiyar jami'o'in Afirka mai mazauni a Akara, wannan shiga ƙungiya ne, ba wanda ya ce an auna diplom ɗinka. ISO 9001 kuma shaidar tsarin gudanarwa ce, kamfanin siminti ma na samun ta. Tantance karatu shi ne na ukun, kuma ko a nan akwai ƴan damfara: wasu sukan buɗe "hukumar tantancewa" da shafin intanet mai kyau da adireshi a Landan ko Amurka, ka biya su aiko maka tambari. Wani lokaci mai makarantar ne ma ya kafa hukumar da ke tantance shi.

Gane su ba wuya. Hukumar gaske ita ma akwai mai duba ta. In ta Turai ce, a nemi sunanta a rajistar EQAR, wadda ke aiki tun 2008, har rahotannin da suka rubuta kan makarantu ana iya buɗewa a karanta. In ta Amurka ce, a duba ko CHEA ko ma'aikatar iliminsu ta san da ita. Kuma kullum daga shafin hukumar ake neman sunan makaranta, ba daga shafin makarantar ba. Ba wai abin ya gagari Afirka ba ne: makarantar injiniyoyi ta 2iE da ke Wagadugu ta samu amincewar CTI, hukumar da ke tantance karatun injiniya a Faransa tun 1934. Ita kam ka shiga jerin CTI za ka gan ta.

Amma kada a ruɗe mu da kalmar "duniya". Babu hukuma guda da ke buga wa diplom hatimi ya ci ko'ina. Ko yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 da ta UNESCO ta 2019, abin da suka ce shi ne a duba takardar mutum da adalci, kada a ƙi ta sai in akwai bambanci mai girma. Kowace ƙasa dai ita ke da ta cewa a ƙofarta.

Hajiya ta Sabon Gari: Ku duk kuna ta tambari da kiredi. Ni uwa ce. Yarinya za ta hau rufin kwano, za ta taɓa wuta, za a tafi da ita ƙauye aiki. In ta faɗo, Allah ya kiyaye, wa zai biya asibiti? Makaranta ta ce tana hannun kamfani, kamfani ya ce ai ɗalibar makaranta ce. Sannan wa ke tare da ita a can, ƙarfe nawa take tashi? Alhaji, kada ka ba da ko dala sai ka ga wannan a rubuce.

Injiniya: Hajiya, kin fi mu gaskiya, kuma masu tantancewa na ƙwarai suna tambayar wannan. Yarjejeniya ce ta mutum uku, makaranta da wurin aiki da ɗalibi, a ciki a faɗi inshora, da awoyin aiki, da sunan mai kula da ita, da inda za ta kai kuka in an ci zarafinta. Ni ma mace ce, na hau rufi na sauko lafiya, amma da igiyar ɗamara da hular kwano, kuma sai da na yi rigima kafin a ba ni.

Ɗan Zariya: Duk na yarda. Saura abu ɗaya: tawagar nan da za ta zo, jirgi da otal da kuɗin dosiye, wa ke biya? Ba waken Alhaji ba ne a ƙarshe?

Tsohon Mushe: Shi ne mana. Wannan kam ba ni da ja. Shi ya sa ƙaramar makaranta mai gaskiya kan daɗe ba ta nema ba, mai kuɗi kuma ta riga ta. Senegal ta kafa tata hukumar ta ƙasa tun 2012, kuma inda hukumar gida ke da haƙora, ba kowane fanni ke buƙatar baƙo daga nesa ba. Yaron da zai yi aikinsa tsakanin Tasawa da Mayahi, izinin ƙasa da horo na ƙwarai sun ishe shi. Mai niyyar mastar a Dakar ko Abijan, shi ne CAMES ta zame wa dole.

Baban Hadiza: Jama'a, na dawo, yau da safe na koma can da tambayoyinku a rubuce a bayan ambulan. Wannan karon shugaban karatu na nema. Izinin gwamnati ya fito da shi, na gani da idona, da sunan fannin a ciki. CAMES kuwa yadda Malam ya faɗa ne: suna da ita kan wani lisans na harkar kasuwanci, na sola ko dosiye ba su kai ba tukuna, wai sai rukunin farko sun fita. Tambari mai zanen duniya kuma, shugaban ya amsa da bakinsa cewa ƙungiya ce suke biyan kuɗin shekara. Na nemi sunayen wuraren aiki, ya ba ni uku. Na kira na farko, ya ce bai san zancen ba. Na biyu bai ɗauka ba. Na uku ya ce ƙwarai, yara biyu na wurinsa, kuma malaminsu na zuwa duk ƙarshen wata. Inshora kuwa, shugaban karatun ya ce zai tambaya.

Ban biya ba, ban kuma ce a'a ba. Mun dai ajiye dosiye a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma, mu ga wanda Allah ya zaɓa.

Maigida Sola: Alhaji, kafin a koma makaranta ka turo ta shago ta yi sati biyu, ta gani in aikin ya yi mata. Akwai ɗiyar ƙanena nan tana koyo, sai su zauna tare. Ta zo da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Baban Hadiza: Na gode, Allah ya saka. Asabar in sha Allahu. Ka turo mini kwatancen shagon ta akwatin sirri, kuma ƙarfe nawa kuke buɗewa?